Baba, Motar Baba Bulus Ta Tashi

Zuwa ga mahaifina, Malam Isa mai walda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ɗa yake yi wa mahaifinsa, ina fatan rahamar Ubangiji tana tare da kai a makwancinka. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar nan da ka san ta da shi. Garejinka na unguwar Magajin Gari yana nan a ƙofar gida inda ka bar shi. Rufi kawai na sake masa, don kwanon da ka sa ya fara yoyo.

Na san takardar nan ba za ta iso gare ka ba. Waɗanda za su karanta ta su ne masu bin shafina a waya, masu kallon hotunan ƙofofi da tagogin da nake ƙerawa. To, su karanta. Amma da kai nake magana, domin tun ranar Asabar akwai labarin da yake cina, kuma babu wanda zai san nauyinsa kamar kai.

Baba, motar Baba Bulus ta tashi. Ta je ƙauyensu ta dawo da ƙafafunta.

Bari in fara daga farko saboda masu karatu. Baba Bulus abokinka ne tun kuna samari, manomi ɗan Gbagyi daga wani ƙauye a yankin Tabanni. Yana da tsohuwar a-kori-kura fara, irin wadda aka daina ƙerawa tun ban yi wayo ba. Da ita yake kwaso masara da doya da mutane zuwa kasuwa. Na tashi ina ganinsa a kan bencin garejinmu, kana toshe masa ɓular salansar motar, kuna gardamar wane ne babba a cikinku. Har ka bar duniya ba ku gama gardamar nan ba.

Ka tuna safiyar da 'yan bindiga suka fito daga daji suka faɗa wa ƙauyensu. Sawu biyu ya yi yana kwashe mata da yara zuwa babbar hanya, ya kuma koma na uku. A na ukun ne suka buɗe masa wuta. Harsashi ya fasa lagireto, wasu suka huda ƙofofi, amma ya riƙe sitiyari har bakin wani rafi, inda injin ya mutu. Mutane suka dira suka ƙarasa da ƙafa. Babu wanda ya rasa ransa a cikin motar nan.

A can ta kwana, ta kuma shekara, har damina biyar. Shi da iyalinsa suka dawo cikin gari suka kama ɗakuna a bayan layinmu. Ina nan a tsaye ranar da ka dafa kafaɗarsa ka ce: "Bulus, in dai aka janyo ta, ni zan gyara maka ita da hannuna."

Ba a janyo ta ba sai bayan ciwo ya ɗauke ka.

Da hanya ta ɗan lafa, manoma suka fara komawa gonaki, sai 'ya'yansa suka nemi tarakta aka jawo ta. Baba, da ka gan ta da ka yi shiru. Ciyawa ta fito ta daɓenta har ta kai kujera. Tsatsa ta cinye ƙasan ƙofofi, in ka danna da yatsa sai ya ɓurma. Ƙofar direba kaɗai ramin harsashi huɗu gare ta. Kafin la'asar 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, sun zo suna zagaya ta, babban ɗansa Ayuba kuwa ya ce a ba su kawai kowa ya huta. Ban ga laifinsa ba. Shi abin da yake gani a jikinta ranar gudu ce.

Washegari da hantsi Baba Bulus ya zo gareji yana dogara sanda. Ya zauna a bencinka, muka gaisa, ya tambayi Inna. Can ya ce: "Habu, babanka ya yi mini alkawari." Ban tsaya tunani ba na ce a kawo ta. Injin muka ba wani bakanike a tasha, jiki kuwa ya zama nawa.

Yanzu sai in faɗa maka abin kunyar da na yi, don ba ka koya mini ɓoye ɓarna a ƙarƙashin fenti ba.

Bayan rasuwarka na sayi wani injin walda na hannu, irin wanda yake tura waya da kansa daga naɗi, kai dai ka danna kawai. Da kana nan na san keken ɗinki za ka riƙa kiransa. Na yi suna da shi a gari wajen ƙofofin gida da ƙafar tankin ruwa. Wayar da nake sa masa mai kauri ce, mai gari a cikinta, wadda ba ta bukatar tukunyar gas. Tana da zafi, tana shiga ƙarfe sosai, kuma a kan ƙarfe mai kauri ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Da ita na tunkari ƙofar direba, a gaban mai motar. Na ɗora bakin injin a kan ramin harsashi na danna. Kafin in ɗaga hannu, gefen ramin ya narke ya zube ƙasa. Maimakon in tsaya sai na ce bari in cike, na sake dannawa. Ramin da ɗan yatsa ne kawai yake shiga ya koma wanda ƙwan kaza zai wuce, fatar ƙofar kuma ta yi tudu da kwari saboda zafi.

Na ɗaga gilashin fuskata na waiwaya. Baba Bulus yana kallon ƙofar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙe da sandarsa ya ce mini sai gobe. Ayuba da ya rako shi ya ce a hankali, amma yadda zan ji: "Ai dama mun faɗa."

Irin wannan ƙofar ba a samunta a shago. In na ƙarasa ta, shi ke nan. Damina biyar a daji ba ta yi mata abin da na yi mata a minti ɗaya ba.

Kwana uku ban taɓa motar ba. Na ɗauko kayan waldarka ta gas na gwada a kan wani guntun ƙarfe. Bai ɓurme ba, amma ya lanƙwashe kamar ganyen da rana ta buga. Kai kana iya bin wutar gas da guduma kana miƙar da ƙarfe tun yana ja. Ni ban gaji wannan hannun ba, kuma ranar na yarda da hakan.

A cikin akwatin kayan naka na ci karo da tsohon gwangwanin madarar nan da kake tara wayoyi, kowace da kaurinta. Sai na gan ka a idona, yadda kafin ka kunna wuta kake zaro su ɗaya bayan ɗaya kana karawa a gefen ƙarfen da za ka yi wa aiki, kana rufe ido ɗaya. Na taɓa tambayarka dalili, ka ce: "In wayar ta fi ƙarfen kauri, kafin ta narke shi ya riga ya ƙone. Nemi wadda za ta riga shi narkewa."

Na san wannan tun ina ɗan shekara goma sha biyu. Don dai injin sabo ne, sai na ɗauka maganarka ba ta shafe shi ba.

Na yanki wani ɗan guntu daga gefen ƙofar, inda dama zan yanke, na sa a aljihu na shirya tafiya Kaduna. Rabona da hanyar nan tun kafin jinyarka. Inna ba ta hana ni ba. Ta dai raka ni har zaure, abin da ba ta saba ba, ta ce in kira ta da zarar mun fita daga daji. Tun da muka shiga dajin babu wanda ya yi magana a motar, kowa idonsa a kan itatuwa. Allah ya kai mu lafiya.

A kasuwar Panteka na shiga shago uku. Na farko ya tura mini irin wayar da ta ƙona ni, ya ce ita kowa yake saye, ba ruwanka da wahalar gas. Na biyu yana da siririya, amma da na ce a buɗe leda na warware kamu biyu, sai ga ɗigon tsatsa a jikinta. Na ajiye masa. Wayar da ta yi tsatsa a naɗi za ta riƙa sarƙewa a hanya, kuma datti za ta kai cikin walda.

Na ukun wani dattijo ne mai furfura, Hausarsa tana ɗan karkacewa. Ban yi dogon bayani ba, na ajiye masa guntun a kan tebur. Ya ɗaga shi sama, ya shafa gefen da farce, ya ce wannan jikin tsohuwar mota ne, kuma tsatsa ta ƙara rage shi. Ya shiga ciki ya fito da wani ɗan naɗi a rufe cikin leda. Waya ce siririya kamar zaren ɗinkin takalmi, jikinta ja yana ƙyalli, babu gari a cikinta. Ya ce ita suke kira ziro-shida, wato kaɗan ta wuce rabin milimita. Da ƙaramar wuta take narkewa, saboda haka ba sai na ƙure injin ba. Ya ce kada in yarda a ba ni ziro-takwas a ce duk ɗaya ne, a kan wannan ƙarfen ba ɗaya ba ne.

Ya kuma yi mini karatu a tsaye. Wannan wayar sai da gas, kuma gauraye zan nema, don ya fi sanyin wuta da ƙarancin tartsatsi. In canza ɗan bakin da waya take fitowa zuwa daidai kaurinta. In juya 'yar tayar da take tura ta zuwa ƙaramin layi. In kuma musanya igiyoyin wuta biyu na cikin injin, don ba tsari ɗaya suke bi da mai gari ba. Duk na rubuta a bayan kwalin ashana da wata takarda da ya yago mini.

Ina shirin fita ya miƙo mini guntun, ya ce: "Mutane zuwa suke su ce a ba su waya kawai. Wa ya koya maka zuwa da ƙarfen a aljihu?" Na ce babana. Ya ce a gaishe shi. Ban iya ce masa ka rasu ba, Baba. Na ce zai ji.

To, ga shi na isar.

Da na dawo, mako guda ban kusanci motar ba. Na samo murfin injin wata motar da ta yi hatsari, mai kauri daidai da namu, na yayyanka shi ina gwaji. Na huda, na toshe, na ƙona, na rage wuta, na ƙara gudun waya, har na ji ƙarar ta daidaita kamar ana soya ƙwai a mai kaɗan. Iska ta riƙa kore gas ɗin, waldar tana fitowa da ƙananan ramuka, sai na jera tsofaffin kwanonin rufinka na kare wurin ta gefe uku. Na samo bututun jan ƙarfe daga wani mataccen firij, na daka shi da guduma ya yi faɗi. In ka danna shi a bayan rami, narkakkiyar waya tana kwanciya a kansa ba ta zuba, ba ta kuma manne masa, yana kuma shanye zafi.

Ranar da na koma kan ƙofar, na aika aka kira Baba Bulus. A gabansa na ɓata, a gabansa nake so in gyara.

Na yanke wurin da na ƙona har na isa ƙarfe mai lafiya. Na fitar da faci daidai ramin, baki da baki, ba ɗaya a kan ɗaya ba. Na goge gefen har ya yi fari. Sannan na fara: ɗigo ɗaya a nan, in ɗaga. In tsallaka can ɗaya gefen, ɗigo ɗaya, in ɗaga. In jira. In kara bayan hannuna a kusa, sai na ji zan iya jurewa sannan in ƙara wani. Duk lokacin da hannuna ya so ya ja layi a gama, sai in ji muryarka kamar kana tsaye a kaina: "Ɗaga, Habu! Bar shi ya huce."

Facin da bai kai tafin hannu ba ya ci mini daga hantsi har bayan azahar. Ɗigo ya riƙa haɗuwa da ɗigo har zoben ya rufe. Na bi shi da guduma a hankali, na goge da injin guga ba tare da na danna ba, na ƙarasa da sanfefa. Na matsa gefe. Baba Bulus ya taso ya shafa wurin, ya sake shafawa, ya sunkuya yana neman inda facin ya fara. Ya ɗago ya ce: "Ina ne ma?"

Sai da na shiga bayan gareji na share idona.

Saura ramukan harsashi. Ni a raina na so a bar guda ɗaya don tarihi, har na faɗa wa Baba Bulus, ya ce zai yi shawara da matarsa. Washegari Mama Saratu ta zo da kanta. Ka san tana cikin motar a sawu na ukun nan, da jikarta a goye. Ta zagaya ta, ta tsaya a ƙofar direba, ta ce: "Habu, toshe su duka. Jikokina za su shiga motar nan. Ba na so wani ya sa yatsa ya tambaye ni mene ne wannan." Na toshe su duka, ban bar ko ɗaya ba. Ita ta fi ni sanin abin da ya kamata a tuna.

Akwai abin da na gani wanda ban faɗa wa kowa ba sai Inna. Ina kankare fenti a ƙarfen da ke saman tayar gaba ta hagu, sai ga wani tsohon layin walda ya fito, tsawon kamu ɗaya. Ƙanana ne a jere, kowane ya hau kan ɗan'uwansa, kamar ɗinkin hannu a bakin hula. Ko cikin dubu zan gane hannunka. Inna ta ce lokacin da saniya ta faɗo wa Baba Bulus a hanya ne, ina goye. Tsatsa ta ci sama ta ci ƙasa, amma layinka yana nan daram, ko tsaga babu.

Na zauna a ƙasa na daɗe. Sannan na yanke ruɓaɓɓen da ke ƙarƙashinsa, na kawo sabon faci na haɗa shi da gefen naka. Ban goge layinka ba, na dai shafa masa maganin tsatsa aka bi da fenti. In mutum ya san wurin, zai ji shi da yatsa. Nawa yana ƙasa da naka, sun haɗu a kusurwa.

Wata biyu da 'yan kwanaki aikin ya ci. Daɓe sabo, ƙasan ƙofofi sabo, kuma naɗin wayar nan ɗaya ya ishe ni har da saura. Fotin cike lotsawa ɗan kaɗan na shafa, wanda ba zai sa ka harare ni ba. Mai fenti ya mayar da ita fara kamar da. Ayuba da kansa ya sayo tayoyi ya kawo, ya tsaya yana kallon ƙofar, ya ce mini: "Sannu da aiki, malam." Bai taɓa ce mini malam ba.

Ranar Asabar da safe muka kama hanyar Tabanni. Baba Bulus ya ce shi zai tuƙa, 'ya'yansa suka yi ta magiya ya ƙi. Ya jefa sandarsa a baya ya hau. Mama Saratu a gefensa, ni da Ayuba da jikoki a baya muna riƙe da ƙarfe. Hanyar ta lalace fiye da yadda ka san ta. Duk ramin da muka faɗa sai in kasa kunne in ji ko wani wuri zai yi ƙara. Babu inda ya motsa.

Da muka iso bakin rafin nan ya rage gudu. Har yanzu ana gane inda ta kwanta, ciyawar wurin ba ta kai ta gefe tsawo ba. Na ɗauka zai tsaya. Ya dai kalli wurin, ya sa giya, muka tsallaka ruwan.

Ƙauyen bai cika ba tukuna, gidaje da yawa babu rufi. Amma waɗanda suka koma sun ji ƙarar injin tun daga nesa, kuma sun gane ta. Mata suka fito da guɗa. Wata tsohuwa ta kama ƙarfen baya tana kuka tana magana da Gbagyi, Ayuba ya ce mini cewa take yi a nan ta zauna ranar gudu. Wani Bafulatani makiyayi da ya sha ganin motar a daji yana kiwo ya zagaya ta sau biyu, ya ce ba ita ba ce, wata aka sayo. Baba Bulus ya kamo hannuna ya ɗaga a gaban mutane ya ce: "Ita ce. Malam Isa ya ce zai gyara, ga hannun da ya bari ya gyara."

Baba, na yi ƙofofin manyan gidaje a garin nan, an yaba mini. Ban taɓa jin tsayina ya ƙaru ba sai ranar.

Da yamma muka dawo da buhunan masara a baya, karon farko da amfanin gonarsa ya shigo gari a motarsa tun bayan gudun. Ya sauke ni a bakin layi ya ce zai kai kaya. Na shigo gida na tarar da Inna a madafa tana tuƙa tuwo, ina cikin ba ta labari sai motar ta biyo ta ƙofar gareji. Ya danna hon sau biyu, gajere da dogo, yadda yake yi maka duk ranar kasuwa in zai wuce.

Muciyar ta tsaya a hannun Inna. Ta juya ta kalli zaure kamar mai jiran wani ya amsa. Sannan ta dube ni ta ce: "To, fita ka ɗaga masa hannu mana." Na fita da gudu ba takalmi, na ɗaga.

Allah ya jiƙan ka, Babana. Ya haskaka kabarinka, ya yalwata shi, ya sanya sanyi a cikinsa. Ya saka maka da Aljanna saboda sana'ar halal da ka ciyar da mu da ita, ka kuma damƙa mini. Ya ƙara wa Inna lafiya, ya ja kwanan Baba Bulus da Mama Saratu. Ya zaunar da dajinmu da ƙauyukanmu lafiya, waɗanda ba su koma gida ba ya mayar da su. Ya sada mu da kai a inda babu rabuwa. Amin.

Ɗanka mai kewarka kullum,
Habu.